"WANNAN BA FANNINA BA NE": SHIN DA GASKE BABU ALAƘA TSAKANIN ILIMUMMUKA?

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Zan fara da laifin kaina kafin na taɓa na kowa.

A wani Ramadan da ya wuce, bayan sallar asuba, wani dattijo daga cikin masu sahun farko a masallacinmu ya tsare ni a bakin ƙofa. Ya ce: "Liman, ina da ciwon suga, kuma likita ya ɗora ni a kan allurar insulin. Shin allurar nan tana karya azumi?" Na ce: "A'a Baba, allurar da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda ba abinci ba ce ba abin sha ba, ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malaman zamani." Ya yi godiya ya tafi. Ni ma na tafi ina jin na ba da amsa mai kyau.

Bayan kwana huɗu aka ɗauke shi ranga-ranga daga shagonsa kafin la'asar. Sugansa ne ya faɗi ƙasa warwas. Ya ci gaba da yin allura yadda ya saba yi a lokacin da yake cin abinci sau uku a rana, alhali yanzu cikinsa babu komai tun sahur. Allah Ya sa da sauran kwana. Da na je duba shi, ɗansa ya gaya mini cewa tun kafin watan ya kama Baba ya tambayi likitansa ko zai iya azumi, likitan ya ce: "Maganar azumi ta malamai ce, ba fannina ba ce." Ni kuma da ya zo wurina na amsa ɓangaren fiƙihu na bar sauran, don a raina maganar suga ta likitoci ce, ba fannina ba ce.

Kun gani? Likita bai yi ƙarya ba. Ni ma fatawata daidai take a littafi. Amma mutumin ya kusa rasa ransa a tsakanin amsoshinmu biyu. Tun ranar nake juya wannan tambaya: mece ce ma'anar a ce "babu alaƙa" tsakanin wani ilimi da wani? Kuma idan mutum ya faɗa cikin ramin da ke tsakani, alhakinsa yana wuyan wa?

ABIN DA MAGABATA SUKE NUFI DA TABAYUNI

Duk wanda ya zauna a gaban malami a zaure, ko ya shiga ajin farko a jami'ar Larabci, ya ci karo da abin da ake kira mabadi'u goma. Abubuwa goma ne da ake so ɗalibi ya sani game da kowane fanni kafin ya shige shi: ma'anarsa, abin da yake bincike a kai, amfaninsa, wanda ya fara tsara shi, sunansa, hukuncin koyonsa da sauransu. Ɗaya daga cikinsu ita ce nisba, wato matsayin fannin idan aka jera shi da sauran fannoni. Sau da yawa za ka ji malami ya ce: nisbar wannan fanni da sauran ita ce tabayuni. Mu kuma muna haddacewa mu wuce. Na daɗe ina ɗauka ma'anarta ita ce kowa ya kama gabansa.

Amma a cikin waɗannan goman dai akwai istimdadi, wato daga ina fannin yake ɗebo kayan aikinsa. Malaman usulul fiƙhi sun ce fanninsu yana ɗebowa daga ilimin aƙida, da harshen Larabci, da hukunce-hukuncen shari'a. To ka ga jeri ɗaya ne ya ce maka fannin nan daban yake, ya kuma ce maka ba ya tsayuwa sai da waninsa. Babu tufka da warwara a nan. Tabayuni a wurinsu yana magana ne a kan abin da fanni yake bincike a kai: nahawu yana duba ƙarshen kalma, tajwidi yana duba furucin harafi, fiƙihu yana duba aikin baligi mai hankali. Bai taɓa nufin mai fiƙihu ya wadatu daga mai nahawu ba.

Kalmar daga manɗiƙi aka saba jin ta. A can ana cewa duk ma'anoni biyu da ka ɗauko, ɗayan huɗu ne. Ko dai su yi daidai da juna. Ko ɗaya ya haɗiye ɗaya, kamar dabba da doki: kowane doki dabba ne, amma ba kowace dabba ce doki ba. Ko su haɗu a wani wuri su rabu a wani, kamar Bahaushe da ɗan kasuwa. Ko kuma su yi hannun riga gaba ɗaya, kamar mutum da dutse. Wannan na ƙarshen shi ne tabayuni.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne, ita kanta wannan kalma da ke nufin "babu alaƙa" tana yawo a fannoni daban-daban. Mai rabon gado ma yana da tabayuninsa. Idan zai fitar da asalin mas'ala, yana duba lambobi biyu: ko iri ɗaya ne, sai ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ko ƙaramar tana shiga cikin babbar, kamar 2 da 8, sai ya wadatu da babbar, ko akwai lambar da ke raba su duka, kamar 4 da 6, sai ya ɗauki rabin ɗaya ya buga a ɗaya ya sami 12, ko kuma babu abin da ya haɗa su sai 1, kamar 2 da 3. Wannan shi ne tabayuni a gado, kuma shi ne abin da ɗan sakandare yake yi a darasin lissafi idan yana neman ƙaramar lambar da lambobi biyu za su shiga cikinta, ko da bai san malamin zaure yana yin irinsa ba.

To me ake yi wa lambobin da suka yi tabayuni? Ana buga ɗaya gaba ɗayanta a cikin ɗaya gaba ɗayanta. Misali: mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da baffa. Miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, saura na baffa. 2 da 3 babu abin da ya haɗa su, sai a buga su a sami 6: miji 3, uwa 2, baffa 1. Ba hujja nake kafawa da wannan ba, misali ne kawai don a gane. Idan abubuwa biyu iri ɗaya ne, ɗaya ya ishe ka. Idan kuwa sun yi tabayuni, a nan ne ba za ka iya yar da ko ɗaya ba. Fiƙihu da likitanci ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa Baba yake buƙatar su biyun a cike.

INDA "BABU ALAƘA" TAKE GASKIYA

Kada wani ya fahimce ni a baibai, ya ce liman ya ce kowa ya shiga fannin kowa. Wallahi ba haka ba ne. Akwai wuraren da faɗin "babu alaƙa" shi ne ilimi, ƙulla alaƙar kuma shi ne jahilci.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana a Madina. Mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Annabi (SAW) ya tashi ya warware wannan zato, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kusufi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ka duba fa: alaƙa ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, a ranar da yake cikin jimamin ɗansa, amma ya yanke ta saboda ba gaskiya ba ce. Abubuwa biyu su faru a rana ɗaya bai zama ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Masu ilimin ƙididdiga a yau suna shafe shekaru suna koyar da wannan ƙa'ida.

Haka ƙissar dabino da ke cikin Sahihu Muslim. Ya ga manoman Madina suna ɗaukar furen namijin dabino suna sa wa mace, ya faɗi zatonsa cewa ko ba a yi haka ba zai yi, suka bari, amfanin shekarar bai yi kyau ba. Da aka gaya masa, sai ya mayar da sanin irin wannan sha'ani na noma ga ma'abotansa. Wannan iyaka ce da shi kansa ya shata.

Saboda haka mai wa'azin da ya ɗauki lasifika yana rubuta wa masu hawan jini magani ya ƙetare iyaka. Injiniyan da ya karanta fassarar hadisi biyu a waya ya fara raunana abin da Bukhari ya inganta, shi ma ya ƙetare. Haka masu ɗauko duk wani sabon ra'ayin kimiyya su liƙa wa aya da ƙarfin tsiya. Gobe idan masu kimiyyar sun canza magana, ina za su sa ayar? Ibn Hajar ya yi gargaɗi a Fat'hul Bari cewa mai magana a abin da ba fanninsa ba yakan zo da abubuwan mamaki, kuma muna ganin mamakin kullum a Facebook da TikTok.

Kenan jumlar "ba fannina ba ne" tana da fuska biyu. Akwai mai faɗinta don tsoron Allah, yana nufin: ba zan yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Akwai mai faɗinta don ya huta, yana nufin: abin da zai same ka bayan ka bar gabana ba ruwana. Lafazi ɗaya ne. Ana bambance su da abin da ya biyo baya. Na farko yana cewa "zo mu je wurin wanda ya sani", ko aƙalla "kada ka yi komai sai ka ji daga wane". Na biyu yana rufe ƙofa. Ranar da Baba ya tambaye ni, a cikin na biyun nake, ko da ban furta jumlar da bakina ba.

YADDA NA GABANMU SUKA YI

Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820 Miladiyya. Kaso mai yawa na littafin mas'alolin wasiyya da gado ne. Daga sunan littafin Turawa suka samo sunan darasin aljabara da yaranmu ke kuka da shi a makaranta, yawancinsu ba su san yana da dangantaka da rabon gado ba. Al-Biruni ya rubuta littafi sukutum a kan auna matsayin garuruwa a doron ƙasa, kuma daga cikin abin da yake nema har da daidaita alƙiblar garin Gazna. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne a Ƙurɗuba. Shi ya rubuta Bidayatul Mujtahid da muke karantawa a fiƙihu, shi ya rubuta Al-Kulliyat a likitanci. Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, malamin fiƙihun Shafi'iyya ne, kuma shi ne ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu.

Imam Ghazali, a farkon Ihya'u, ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda za ka tarar da gari cike da masu fiƙihu amma babu likita Musulmi. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 Hijiriyya, ya nuna cewa gaskiya takan ɓuya wa faƙihi da alƙali a mas'aloli da yawa saboda rashin sanin lissafi da likitanci da handasa. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, wancan zamani ilimi bai faɗaɗa ba. Yau likitan ido ma ba ya taɓa haƙori." Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya zama Ibn Rushd. Ba zai yiwu ba. Amma wannan hujjar a kanmu take. In dai mutum ɗaya ba zai iya haɗa fannonin a kansa ba, to dole mutane su haɗu a zaure ɗaya. Haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da ke Jidda take yi. Da za ta yi magana a kan mutuwar ƙwaƙwalwa da cire na'urar numfashi a zamanta na Amman a 1986, sai da ta saurari likitoci. A zamanta na Sharja a 2009 ta tattauna ciwon suga da azumi, ta kasa masu ciwon kashi huɗu gwargwadon haɗarin da ke kansu, ta ce akwai waɗanda wajibi ne su sha azumi. Wannan ƙuduri yana nan tun ina ɗan makaranta, amma ranar da Baba ya tsaya a gabana ban tuna da shi ba, domin na amsa tambayar da ya yi ne, ban dubi mutumin da ya yi ta ba.

KATANGAR DA MUKA GADA

Mu a ƙasar nan katangar tana da tarihi. Boko ya shigo tare da Turawan mulkin mallaka, iyayenmu suka yi masa kallon tuhuma, kuma suna da dalilansu. Aka wayi gari da layi biyu: na allo da zaure, da na aji da allon bango. Ko a cikin bokon ma, yaro yana shiga babbar sakandare ake raba shi, wannan ɗan kimiyya, wancan ɗan adabi, daga nan kowa ya fara raina darasin ɗan uwansa. Mu da muka fita karatu ƙasashen Larabawa kada mu yi dariya: kulliyar shari'a daban, ta likitanci daban, kuma da yawanmu mun gama ba mu taɓa zama da ɗalibin can mun tattauna mas'ala ɗaya ba.

Mun biya kuɗin wannan rabuwa da lafiyar yara. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Bayan wannan gwaji da shekara bakwai, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin. Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A karon farko, abin da iyaye suka yi ƙara a kai shi ne an yi aikin kimiyya ba a kiyaye amana da haƙƙin talaka ba. A karo na biyu an yanke hukunci a kan magani, muryar masana maganin ba ta yi tasiri ba sai da ɓarna ta auku. Kuma abin bai gyaru ba sai da malamai da sarakuna da likitoci suka zauna inuwa ɗaya, har aka kai 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Wanda ya shanye a waccan shekarar yana nan yana jan ƙafa, ba ruwansa da wane fanni ne ya yi kuskure.

ALHAKIN YANA WUYAN WA?

Ibnul Ƙayyim ya ce mai fatawa ba zai dace da gaskiya ba sai da fahimta iri biyu: fahimtar abin da yake faruwa a zahiri, da fahimtar hukuncin Allah a kan wannan abin. Rabin farko yawanci ba a littafinmu yake ba. Yana wurin likita, da ma'aikacin banki, da manomi, da ungozoma. Alƙur'ani ya umarce mu da tambayar ma'abota sani idan ba mu sani ba, kuma umarnin bai cire liman ba.

Ga yadda na fahimci amsar. Ba a dora wa kowa sanin komai ba. Amma duk wanda mutane ke zuwa wurinsa da matsala, akwai abu uku a kansa. Na ɗaya, ya san inda iliminsa ya ƙare. Na biyu, ya san ɗan abin da zai sa ya gane cewa mas'alar nan ta taɓa fannin wani; ban buƙaci zama likita ba kafin na san insulin da yunwa haɗari ne. Na uku, ya miƙa mutum hannu da hannu, kada ya sake shi a hanya. Wanda ya yi ukun nan ya sauke nauyi ko da bai ba da amsa ba. Wanda ya bar su yana da kaso a cikin abin da ya faru, ko da kowace kalma da ya faɗa daidai ce. Farillar kifaya ma ai haka take: idan gari yana da malamai yana da likitoci amma ba sa magana da juna, har yanzu akwai farillar da ba a sauke ba.

Masu ilimi ne suka yanka ilimi gunduwa-gunduwa don ya yi sauƙin koyo, kuma sun kyauta. Amma mutumin da ke zuwa da tambaya ba a yanka shi ba. Jikin da ke azumi shi ne jikin da ke da suga. Kuɗin da ake tambayar halaccinsa shi ne kuɗin da ke cikin takardar bankin da malam bai karanta ba.

Yanzu a masallacinmu, duk Sha'aban muna gayyatar wani likita daga cikin masu sallah tare da mu, mu zauna ni da shi a gaban jama'a. Shi ya yi bayanin wanda azumi zai cutar, da yadda ake sauya lokacin magani da adadinsa a ƙarƙashin kulawar likita, da cewa idan awon suga ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Ni kuma na yi bayanin cewa tsira yatsa don awo ba ya karya azumi, da hukuncin ramuwa, da ciyarwa ga wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa, da cewa karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne. Na koyi abubuwa a wannan zama fiye da yadda na zata, shi ma ya ce haka.

Baba yana nan da ransa, Alhamdu lillahi. Bana ciyarwa ya yi bisa shawarar likitansa. Na nemi afuwarsa, ya yi dariya ya ce: "Haba Liman, ai abin da na tambaye ka ka amsa." Na ce: "Shi ne laifin, Baba."

Ɗalibai 'yan uwana na shari'a, ku nemi aboki ɗaya likita, ɗaya masanin tattalin arziki, ku riƙa tambayarsu ba tare da jin kunya ba. Ku kuma 'yan boko, ku nemi malamin da za ku riƙa kira kafin ku ce wa mara lafiya "wannan ba ruwana". Wanda yake da irin wannan labari, ya rubuto mana a ƙasa ba tare da ambaton sunan kowa ba, mu amfana.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu, Ya yafe mana abin da muka gaza a haƙƙin bayinSa. Wallahu a'alam.